Alhaji Abubakar Imam: Malamin Ajin Da Ya Ɗanɗana Wa Yara Daɗin Karatu



A shafin tarihi na wannan mako mun ɗauko rayuwar Alhaji Abubakar Imam. Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa wani ɗan abu ne da ya faru a nan harabar masallaci ranar Asabar da ta wuce. Wani dattijo daga cikinmu ya zo da tsohon littafin Magana Jari Ce na ɗaya, bangonsa duk ya yage, ya miƙa wa yaran Islamiyya ya ce su karanta masa. Yaran nan 'yan aji huɗu zuwa shida ne na firamare. Turanci suna karanta shi ba gargada, surorin da aka biya musu kuma suna kawo su daidai. Amma da aka zo Hausa sai abu ya gagara. Wannan ya karanta baƙi ya ce baki, wancan ya ga faɗa ya ce fada, wata kuwa ta yi layi biyu ta ajiye littafin ta ce ita ba ta iya ba.

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sai dattijon ya karɓi littafinsa ya shiga karanta musu da kansa. Nan take wurin ya yi tsit. Da aka kira sallar La'asar ya rufe littafi, yaran suka bi shi har bakin famfon alwala suna tambayar yadda ta ƙare da ɗan sarkin. To, mutumin da ya rubuta abin da ya riƙe yaran nan, shekara tamanin da wani abu bayan rubuta shi, ya cancanci mu san ko shi wane ne.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yau yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, don haka gidan da ya buɗe ido a ciki gidan allo da tawada ne. Da karatun allo ya fara, kamar yadda mafi yawanmu muka fara.

Yana da wa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, yana koyarwa a Katsina. Wurinsa aka tura Abubakar tun yana yaro, a can ya shiga makarantar boko. Mu tuna, a wancan zamani ba kowane gidan malamai ne zai yarda ɗansa ya shiga boko ba. Mutane suna tsoron abin da Bature zai cusa wa 'ya'yansu, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Shi dai Abubakar ya yi sa'ar samun wa wanda ya haɗa karatun biyu, yana kuma sa masa ido.

A 1927 ya shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, ya fito a 1932. Zamaninsu ɗaya a kwalejin da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan shi ne abin da muke so a riƙe tun daga farko: kafin ya zama marubuci, kafin ya zama edita, kafin ya shiga majalisa, Abubakar Imam malamin aji ne, mai alli a hannu da yara a gabansa.

An koya wa yaro haruffa, to me zai karanta?

A tsarin wancan lokaci, yaro yakan yi shekarun elementare yana koyon karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. Sai ya haye midil sannan Turanci ya shigo sosai. Matsalar ita ce, bayan yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, abin da zai karanta bai taka kara ya karya ba. Akwai 'yan littattafan da Hukumar Fassara ta fitar, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, amma yawanci fassara ce da tarihi. Rubutun Hausa da malamanmu suka gada cikin ajami kuwa, mafi yawansa waƙoƙi ne na wa'azi da fiƙihu da yabon Annabi. Labarin nishaɗi a baka yake, wurin kaka da dare, kuma malami mai daraja ba ya ganin ya dace ya zauna ya ɓata tawada a kan tatsuniya.

Duk wanda ya taɓa koyar da yara ya san ƙarshen wannan. Yaron da aka koya wa haruffa aka bar shi ba abin karantawa, kamar wanda aka ba fartanya ne ba a nuna masa gona ba. Kafin shekara ta kewayo hannu ya sangarce.

A 1933 hukumar, wadda ta koma Zariya aka riƙa kiranta Hukumar Talifi, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausa. Shugabanta, wani Bature mai suna Rupert East, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai da masu ilimi su gwada. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Kun ga ke nan wa da ƙane duka suna ciki. Shi Abubakar a lokacin shekararsa ashirin da biyu kacal.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da ya bazama duniya neman wani ruwan magani, ga kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman da suke ta karo a gari bayan gari, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Waɗanda suka karanta shi a makaranta a cikinmu, da an ambaci Malam Zurƙe sai ka ga sun fara murmushi. Wannan murmushin ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne abin da litattafan aji na lokacin suka rasa.

Wata shida a Zariya

East ya ga irin alƙalamin da saurayin yake da shi, sai ya nemi a ba da aronsa daga Katsina. A 1936 Abubakar Imam ya zo Zariya, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce ya samar da abin da 'yan makaranta za su riƙa karantawa. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su a ƙarshen shekarun 1930.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda ya gina aikin, don a nan ne malamin ajin ya fito fili.

A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa maci amana ne, yana so yaron ya fito daga fada a kama shi. Musa ya ƙagu ya bi sawun Mahmudu zuwa fagen fama. Duk daren da ya yi ɗamara zai fita, sai wani aku da aka saya masa ya tsare shi da labari, kafin labarin ya ƙare gari ya waye. Ku duba da kyau. Bayi da dogarai ba su iya tsare yaron ba, ƙofa da kwaɗo ba su iya ba, labari ne ya zaunar da shi. Mutumin da ya san wahalar zaunar da yara a aji da rana tsaka ne zai ƙulla littafi a kan wannan dabara.

A littafi na biyu akun, wanda yanzu ya zama waziri, ya shiga gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Wato littafin ya fara da yaro mai saurare, ya ƙare da yaro mai koyon faɗin nasa. Haka kuma karatun yaro ya kamata ya tafi. Da fari a karanta masa, sannan ya karanta da kansa, daga baya ya buɗe baki ya faɗi abin da ya fahimta, har ya kai ga rubuta nasa.

Akwai masu cewa ai labaran ba nasa ba ne, aro ya yi. Gaskiya ne da yawansu suna da asali a wasu ƙasashe, kuma manazarta sun bi sawunsu har zuwa Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Amma a ba ɗan Bahaushe ya karanta labarin Kalala da Kalalatu, a tambaye shi ko ya ji ƙamshin baƙunta. Mutanen cikin labaran suna zaune a zaure, suna cin tuwo, suna kai ƙara gaban alƙali, suna cinikin jaki a kasuwa, suna jifan juna da karin magana. Ya ɗauko zare daga waje, amma a masaƙarmu ya saƙa shi. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, muna cin amala muna kuma tuƙa tuwonmu, mun fi kowa sanin cewa aro ba laifi ba ne in mutum ya san inda zai ajiye abin da ya aro.

Wani abu kuma, labaran ba sa ɗaga murya suna wa'azi. Makwaɗaici yana faɗawa ramin kwaɗayinsa, munafuki yana girbar abin da ya shuka, wawa yana ba da dariya, mai haƙuri yana dacewa. Yaro yana dariya, tunani kuma yana shigarsa ba tare da an ɗaga bulala ba. In ya rufe littafi sai ya fara auna kansa da mutanen ciki, yana cewa da ni ne da ban yi haka ba. Wannan aunawar ita ce farkon hankali.

A cikin shekarun nan ne kuma aka tsai da haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a rubutun Hausa na boko. Su ne suke raba ƙafa da kafa, su raba ɓari da bari. Su ne kuma suka kayar da yaranmu ranar Asabar, don ba wanda ya taɓa nuna musu su a makarantun da suke zuwa.

Ajin ya faɗaɗa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, kuma ya riƙe ta kimanin shekara goma sha biyu. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Ana iya cewa ajinsa ne ya tashi daga ɗaki guda ya koma Arewa baki ɗaya. Wanda ya bar makaranta a elementare ya sami abin da zai hana karatunsa tsatsa. A gari, mutum ɗaya mai karatu yakan zauna a dandali ya karanta wa goma. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har sojojinmu da ke bakin daga a ƙasashen waje ana aika musu. Masu karatu kuma suka shiga rubuto wasiƙu, suna faɗin ra'ayinsu da koke-kokensu, ana bugawa. Mutanen da jiya ba su iya rubuta sunansu ba, yau ga su suna muhawara a takarda.

Ba aiki ne mai sauƙi ba. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, ga sarakuna a gefe, ga matasa 'yan boko da suka fara ƙosawa da yadda ake tafiyar da al'amura. Edita yana tsakiya, kowa na jan rigarsa.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, wadda Nnamdi Azikiwe ma yana ciki. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya bayyana masa damuwar mutanen Arewa. Da ya dawo bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don wanda bai je ba ya gani da idon wanda ya je. Halin malami ke nan, in ya ga abu sai ya kawo aji.

Bai daina rubuta wa 'yan makaranta ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah da suka yi tare da East, wanda yake bayanin halittu da yadda duniya take tafiya cikin Hausar da yaro zai gane. Ya kuma yi littattafai kan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tarihin Musulunci. Wannan ya nuna mana bai ɗauki Hausa harshen tatsuniya kawai ba. A wurinsa harshe ne da zai ɗauki kimiyya, ya ɗauki tarihi, ya ɗauki addini.

A farkon shekarun 1950 ya shiga siyasa, ya zauna a majalisar Arewa da ta tarayya a Ikko. Bai daɗe ba ya bar ta, ya koma harkar littattafai, sannan ya yi shekaru yana aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. An ba shi lambobin girma, har da digirin girmamawa, shi ya sa za ku ji ana cewa Dokta Abubakar Imam. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in.

Muƙaman nan duk sun wuce, kaɗan ne a cikinmu za su iya lissafa su. Amma a tsayar da duk wanda ya yi firamare a Arewa a ce masa aku, ko a ce masa Zurƙe, a ga yadda fuskarsa za ta yi. Abin da ya yi wa yara shi ne ya fi daɗewa.

Mu da muke nan kurmi

Yanzu mu dawo harabar masallacinmu. Yaranmu da aka haifa a nan Sabo ta Badun, Allah Ya ba su baki da yawa. Suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, suna Turanci a makaranta, suna buroka a kasuwa, suna Larabci a Islamiyya. Wannan arziki ne, kada kowa ya raina shi, kuma ba mu ce a rage ko ɗaya ba. Amma Hausar da suke yi da mu a gida ta tsaya a baka, ita ma ɗin tana ƙanƙancewa. Ta zama harshen aike da faɗa: je ka sayo, zo ka ci, bar nan. Ba a ba su labari da ita, ba su taɓa ganin ta a takarda ba in ba a saƙon waya ba, inda ake rubuta ta yadda aka ga dama.

Halin da Abubakar Imam ya tarar a aji a 1932 shi ne yara sun iya haruffa ba littafi. Namu ya juye: littafin yana nan, ana sayar da shi a kasuwannin Kano da Zariya da Kaduna, yaran ne ba mu haɗa su da shi ba. Makarantun da suke zuwa a nan ba za su yi mana wannan aiki ba, kuma ba laifinsu ba ne. In ba mu yi ba, nan da 'yan shekaru za mu sami jikokin da za su je gida hutu su zauna gaban kakanninsu kamar baƙi.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Duk wanda zai je gida, ko yake da direban da ke hawa Arewa, ya sa a sayo masa Magana Jari Ce ko da na ɗaya ne.  Bayan sallar Isha'i a kashe talabijin na minti goma sha biyar, a karanta wa yara labari ɗaya. Kada a mai da shi jarrabawa, kada a ajiye bulala a kusa. In an kai wuri mai daɗi a tsaya, a ce sai gobe, kamar yadda akun ya riƙa yi wa Musa.

In an gama labari a tambayi yaro: wa ya burge ka, wa ya ba ka haushi, da kai ne me za ka yi? A bar shi ya faɗi nasa ko da ya saɓa da namu. Wanda ya ɗan tasa a saya masa littafin rubutu na musamman, ya riƙa rubuta layi uku ko huɗu da Hausa a kan abin da ya ji. Kuskure zai yi yawa da fari. A gyara a hankali, a nuna masa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, a yaba masa.

Iyayen da ba su yi boko ba, kada ku ce wannan ba naku ba ne. Yaron ya san haruffa, ku kun san harshen. Ya karanta muku, in ya ce baki a inda ake nufin baƙi kunnenku zai kama, ku gyara masa. In ya ci karo da kalma irin su zaure ko rumbu ko ɓauna, wadda bai taɓa ganin abinta a nan ba, ku ne ƙamus ɗinsa. Iyaye mata musamman, ku kuka fi zama da su, kuma tun asali a bakinku tatsuniya take.

Dattijon da ya kawo littafin nan ya ce zai ci gaba da zama da yaran kowace Asabar kafin La'asar, har su ga ƙarshen labarin Musa. Wanda yake da tsofaffin littattafan Hausa a akwati, ko sun yage, ya kawo wa malaman Islamiyya a ɗinke su a ajiye inda yara za su riƙa ara.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da wansa Malam Bello Kagara da sauran malaman da suka koya mana karatu, na allo da na boko. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sai Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu.